Zuwa ga malaman makarantun Kebbi, daga wani ɗan'uwanku a Ingila

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwana na Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yauri da Zuru, da duk wanda ke riƙe da alli a ƙauyukan da ke tsakaninsu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri.

Kafin in baro gida na koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare kusa da Argungu. Yanzu ma koyarwar nake yi a nan Ingila, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun zuwana wanda nake so mu tattauna: yadda lokacin malami ke zurarewa a cikin aji, yana tsaye yana kallo.

A nan, doka ta ware wa malamin makarantar gwamnati kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa don shirya darasi da duba aikin yara, tun shekarar 2005. A wannan lokacin ba a tura shi wani aji, ba a kiransa taro. Ranar da na fara samun nawa, na zauna da littattafai a gabana, sai na tuna yadda nake rubuta shirin darasi da fitila bayan sallar isha'i, na dawo daga fadama jiki duk ya mutu. Na san wasunku za su ce ƙasar wasu daban, tamu daban. Gaskiya ne. Ajin da nake shiga a nan bai wuce yara talatin ba, ku kuwa wani ajin sai an raɓa da bango kafin a kai ga allo. Ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga noman shinkafa da dole a haɗa da shi, ga fargabar da ta shiga zukata tun da aka sace ɗalibai a Birnin Yauri a 2021. Duk ban manta ba. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Mu ɗauki darasi na minti arba'in. An buga ƙararrawa, malam yana ofis yana ƙarasa hira. Ya iso, allo cike da rubutun wanda ya fita, a nemo abin gogewa, a aiki monita neman alli. Minti goma sun tafi. Daga nan malam ya juya wa yara baya yana cika allo da rubutu, su kuma suna kwafa, na baya suna kwafar na gaba har da kurakuransu. Kafin ya buɗe baki ya yi bayani, an sake buga ƙararrawa. Ni kaina na yi shekaru a haka ina ganin aiki nake yi, alhali yaran sun fita da littafi cike, kai babu komai. In malami mai darasi shida a rana ya ceto minti biyar kacal daga kowanne, ya samu awa biyu da rabi a mako.

Abin da na koya shi ne in shiga da tambaya uku a takarda, in rubuta su a kusurwar allo da zarar na taka ƙofa. Yara na fama da su, ni ina kiran rajista. Rubutun da za su kwafa kuma in rage shi zuwa abin da ba makawa sai an rubuta, sauran a yi shi da baki da misali.

Sai maganar duba littattafai, wadda ita ce ta fi cin ran malami. Mai yara saba'in, in ya ba kowane littafi minti biyu, ya kashe sama da awa biyu a kan aiki ɗaya, shi ya sa ake tara su a kan tebur har ƙura ta rufe su. Maganin wannan tun da daɗewa muna da shi a makarantar allo. Alaramma ba shi ke biya wa kowane ƙolo karatu ba. Gardawa ne ke biya wa na ƙasa da su, shi kuma yana sauraro yana gyara. Ku sa yara su yi musayar littafi a duba tare a aji. Kai kuma malam ka ɗauki goma daga layuka daban-daban ka karanta da kyau. Kuskuren da ka gani a goman nan, shi ne a sauran, sai ka buɗe darasin gobe da shi.

Ranku ya daɗe shugabannin makarantu, wannan ɓangaren naku ne. Ba sai an jira takarda daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ba kafin a ware wa malaman da ke koyar da fanni ɗaya awa guda a mako su zauna tare. Malaman lissafi uku su raba manhajar zango, kowa ya shirya kashi ɗaya da kyau ya ba sauran, maimakon kowa ya rubuta abu ɗaya sau uku don kawai a sa hannu. Taron safe ma a taƙaita shi, domin darasin farko shi ne yara suka fi natsuwa, kuma shi ake fara cinyewa da dogon jawabi.

Ina kuma roƙon masu koyarwa a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu su riƙa zama a bayan aji da agogo lokacin da ɗalibansu ke gwajin koyarwa, su nuna musu minti nawa suka yi suna rubutu, minti nawa yara suka yi suna aiki da kansu.

In Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara ina nan tafe, kuma zan so in zauna a bayan ajin duk wanda ya gwada wannan in ga yadda ta kaya da yara saba'in. A gaida iyali.

Wassalam,
ɗan'uwanku a wannan aiki.