Neman Wurin Yanka a Jerin Furotin da Fensir da Takarda

A zangon karatun da ya wuce an ɗora mini koyar da ɗaliban aji huɗu na bayokemistiri, a jami'ar da nake aiki a nan Kano, yadda furotin yake isa mazauninsa a cikin sel. Gwajin da littattafai suka saba kawowa yana buƙatar mitokondiriya (sashen sel da ke samar masa da makamashi) mai rai da ake riƙe da ita cikin ƙanƙara, da amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) mai fitar da tururin nukiliya wanda ake yi wa furotin alama da shi, kuma wannan na biyun ba mu da shi. Saboda haka na buga jerin amino asid na wasu furotin na ɗan Adam daga rumbun bayanan furotin na UniProt, na goge bayanan da ke tare da su, na raba wa ɗalibai, na ce kowa ya nemo da fensir inda yake ganin za a yanke.

Tushen maganar shi ne, mitokondiriyar ɗan Adam furotin 13 kacal take iya haɗawa daga nata DNA, alhali akwai fiye da 1,000 a cikinta. Sauran duk a waje ake ƙera su, kuma da yawansu suna ɗauke da wani guntu a goshinsu wanda yake yi musu jagora ta ƙofofin TOM da TIM23. Guntun ya yi kama da sunan da ɗan kasuwar Kwari yake rubutawa a jikin dila kafin ya kai ta tasha: a hanya babu abin da ya fi shi amfani, amma ba ya cikin hajar. Da zarar furotin ya shiga, sai wani enzayim da ake kira MPP ya yanke jagoran. Günter Blobel, wanda ya samu kyautar Nobel a 1999, shi ne ya kafa wannan fahimta cewa furotin yana ɗauke da adireshinsa a jikinsa.

Mun fara da SOD2, enzayim mai manganis da ke kare mitokondiriya daga gurɓataccen iskar oksijin. Tsawonsa amino asid 222 ne idan an ƙera shi, 198 ne idan ya fara aiki, wato ana cire 24. Na gaya wa ɗalibai ƙa'idoji biyu da aka sani: jagoran yana da yalwar amino asid masu cajin fozitif, musamman arjinin, ba kasafai ake samun masu cajin negetif a cikinsa ba, kuma MPP ya fi yanka a inda arjinin yake mataki biyu kafin wurin yankan. Nan take matsala ta bayyana, domin arjinin uku ne a goshin SOD2, a matsayi na 4 da na 11 da na 23. Wasu suka zaɓi na 11, wasu kuma suka bi ƙa'ida ta farko har suka kai aspatet na farko, mai cajin negetif, wanda yake matsayi na 30, suka ja layi a gabansa. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shi enzayim ɗin yaya yake gane arjinin da ake nufi, tunda ba ya ƙirge?"

Wannan tambaya ita ce ainihin darasin, kuma na ga ba a iya kaiwa gare ta ta hanyar zane a allo, sai mutum ya rasa amsa da hannunsa tukuna. Jagororin mitokondiriya ba su da jeri guda da aka haddace. Idan aka jera ɗari, da wuya biyu su yi daidai. Abin da ya haɗa su shi ne siffa: suna naɗewa su zama murɗaɗɗen zare wanda gefensa ɗaya yake da caji, ɗayan kuma yake ƙin ruwa. MPP kansa ɓangare biyu ne, alfa da beta, da wani rami a tsakaninsu mai cajin negetif wanda yake janyo jagoran ya miƙar da shi, sannan ƙwayar zinki da ke jikin beta ta yi yankan. Don haka arjinin na kusa, da na nesa, da amino asid ɗin da ke bayan wurin yankan, duk suna da ta cewa. A SOD2 na 23 ne ya dace, yankan yana faɗawa bayan gulutamin na 24. Na kuma nuna musu matsayi na 16, inda wasu mutane suke da balin, wasu alanin, bambancin da bincike ya nuna yana shafar sauƙin shigar furotin ɗin, ko da yake guntun da yake ciki yankewa za a yi a zubar.

Firataksin ya fi ba mu wahala. Shi ne furotin da ƙarancinsa yake haddasa ciwon rashin daidaiton tafiya na Friedreich. Tsawonsa 210, kuma MPP sau biyu yake yanka shi, na farko tsakanin 41 da 42, na biyu tsakanin 80 da 81, abin da ya rage 130. Babu ɗalibin da ya yi tunanin jan layi biyu, kuma ban ga laifinsu ba. Daga nan na kawo musu sauran masu gyaran baki: Oct1 yana ƙara cire amino asid 8 bayan MPP ya gama, Icp55 kuma ɗaya tak yake cirewa. Masu bincike a Freiburg ta Jamus sun nuna a 2009, a cikin yis, cewa wannan ɗayan yana da nauyi, domin idan aka bar tirosin ko lusin ko fenilalanin a goshi, furotin ba ya daɗewa kafin a narkar da shi. Guntayen da aka yanke su ma ba a barinsu, wani enzayim mai suna PreP yana farfasa su, saboda taruwarsu tana kawo cikas ga aikin mitokondiriya.

Da muka sa jerin a manhajar TargetP, mai hasashen jagora da wurin yankansa, ɗalibai sun so su ɗauki amsarta a matsayin hukunci. Na hana, domin hasashe take yi daga misalan da aka horar da ita da su, kuma tabbaci yana samuwa ne idan an tsamo furotin daga sel an karanta goshinsa. Wannan ya shafi aikinsu kai tsaye: duk wanda zai sa bakteriyar E. coli ta ƙera masa furotin na mitokondiriya dole ya cire jagoran tun a matakin DNA, tunda bakteriyar ba za ta yanke masa ba, kuma idan ya cire a wurin da ba daidai ba yana iya samun dunƙulen da ba ya narkewa.

Tsirrai mun taɓa su ne a gurguje. A dankalin Turawa aka fara gano, a farkon shekarun 1990, cewa MPP ɗinsu a manne yake cikin rukunin sitokurom bc1 na sarkar numfashi, kuma kuloroplas, sashen sel ɗin tsiro da ke haɗa abinci da hasken rana, tana da nata mai yankan daban, SPP. Abin da na yi niyyar ƙarawa a zango mai zuwa shi ne ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda take da wani sashe mai suna apikoplas, dangin kuloroplas, inda furotin yake shiga da jagora mai hawa biyu, a yanke na farko a hanya, na biyu bayan isa. Ƙwayar ba ta rayuwa idan babu wannan sashe, kuma jerin furotin ɗinta yana nan a rumbun bayanai na PlasmoDB.