Wat nawa ne zai ishi kwamfutar da ka harhaɗa da kanka?

Mai harhaɗa kwamfuta yakan zuba kuɗinsa a furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin hoto (mai sarrafa hotunan da ke fitowa a allo), sai abin da ya rage a aljihu ya ce a ba shi fawa-fak, wato akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa kayan ciki. Daga nan matsala take farawa. Akwatin nan shi ke ciyar da komai, kuma idan ya gaza ba lallai ya mutu shi kaɗai ba, yana iya tafiya da madabod, wato babban faifan da ake jona duk kayan ciki a kansa, ko da katin da aka sha wahala kafin a saya.

Lissafin ba shi da wuya, domin abubuwa biyu ne ke shan kusan duka wutar: furosesa da katin hoto. Sai dai a wajen furosesa akwai tarko. Lambar da ake rubutawa a gaba, wadda ake kira TDP, ba ita ce iyakar abin da yake sha ba. Intel Core i5-12400F an rubuta masa wat 65, amma idan aiki ya yi nauyi yana kaiwa wat 117. Core i9-13900K an rubuta 125, alhali yana kaiwa 253. Ryzen 5 7600 na AMD shi ma 65 aka rubuta, iyakarsa kuwa 88. Babbar lambar za ka ɗauka.

Mu ɗauki haɗin da mutane da yawa ke yi: i5-12400F da katin RTX 3060. Furosesa 117, katin 170, ya kama 287. Madabod da sandunan ram biyu ka ba su kamar 50. SSD ɗaya kamar 8, hadi-dis mai juyawa kamar 10, fanka huɗu kamar 12. Jimla ta tashi wajen wat 367. A kan wannan sai ka ƙara kashi 40 cikin 100, ka samu kusan 515, wato fawa-fak mai wat 550 ke nan. Kamfanin Nvidia ma 550 ɗin ya ba da shawara a kan wannan katin. In kana da niyyar sauya kati nan gaba zuwa irin RTX 4070, mai shan wat 200, sayi mai 650 tun yanzu ka huta. Kwamfutar ofis kuwa da ba ta da katin hoto na daban, da wuya ta wuce wat 150, mai kyau na 350 ko 400 ya ishe ta har da saura.

Me ya sa sai an bar wannan rarar? Katunan zamani ba sa shan wuta a miƙe. A cikin ƙiftawar ido, ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, katin yana iya fizgar wutar da ta kusa ninka abin da aka rubuta masa. Fawa-fak da aka saya cif-cif sai ya ɗauka gobara ce za ta tashi, na'urar kariyarsa ta yanke wuta. Alamar a fili take: kana tsakiyar wasa ko kana fitar da bidiyo, allo ya yi baƙi ɗif, fankoki su tsaya, kwamfuta ta sake tashi da kanta ba tare da wani saƙon kuskure ba. In ka leƙa Event Viewer, inda Windows ke ajiye bayanan matsaloli, za ka tarar da saƙon Kernel-Power 41. Saboda wannan fizgar ne aka fito da ma'aunin ATX 3.0 a 2022, wanda ya wajabta wa manyan fawa-fak su jure ninkin ƙarfinsu na ɗan wannan taƙaitaccen lokaci. Mai sayen kati babba ya nemi wannan alamar a jikin kwali.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ruɗar mutane da lambar da ke kan kwali. Juya fawa-fak ɗin ka karanta takardar da ke manne a gefensa. Za ka ga layuka: +3.3V, +5V, +12V, kowanne da adadin amfiya a ƙarƙashinsa. Furosesa da katin hoto daga layin +12V kaɗai suke sha. Ninka amfiyar da 12. Fawa-fak na ƙwarai mai 550 zai nuna kamar 45A, wato wat 540, kusan duka ƙarfinsa ke nan. Na araha da aka buga wa 500W da manyan baƙaƙe sau da yawa za ka ga 20A ne kawai, wato wat 240, sauran an cike shi da layin 5V da kwamfutar yau ba ta cika amfani da shi ba. Haɗinmu na sama yana neman 287 daga wannan layin. Ka ga ke nan wannan 500 ɗin ba zai ɗauke shi ba ko kaɗan. Ɗaga shi ma da hannu: in ka ji shi sakayau kamar fankon gwangwani, ajiye shi.

Sai maganar zafi, wadda mu a nan ba za mu yi wasa da ita ba. Masu kyau ana rubuta cewa suna ba da cikakken ƙarfinsu a zafin digiri 40 ko 50. Na banza a ɗaki mai sanyi aka auna su, da zarar sun ɗumama ƙarfin ya ragu. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watan Afrilu zafin waje kan haura 40, balle cikin akwatin da katin hoto ke hura wa iska mai zafi, a shagon da ba AC. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ragar fanka har ta zama kamar auduga. Don haka rarar kashi 40 ɗin nan kada ka rage ta, kuma duk wata biyu ko uku a cire ragar a kaɗe.

Tambarin 80 Plus da ake bugawa a jikin fawa-fak, mai matakai irin su Bronze da Gold, ba ƙarin ƙarfi ba ne, ma'aunin asarar wuta ne. Mai 550 Bronze da mai 550 Gold duka 550 suke bayarwa, bambancin a abin da suke ja daga bango yake. A wutar 230V irin tamu, a rabin nauyi, Bronze yana isar da kashi 88 cikin 100 na wutar da ya ja, Gold 92, ragowar ya tafi a zafi. Inda wannan ya shafe ka shi ne wajen UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, da inbata. Kwamfutar da ke shan 367 a ciki tana jan kusan 417 daga soket in Bronze ne, ka ƙara allo, an doshi 450. Ƙaramin UPS mai 650VA yawanci wat 360 zuwa 390 yake ɗauka, domin VA ba wat ba ne. Ana ɗauke wuta zai yi ƙara ya mutu tare da kwamfutar. Nemi mai 1000VA zuwa sama, ka karanta wat ɗinsa, in da hali kuma wanda ke fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layi, don wasu fawa-fak na zamani ba sa shiri da ta ƙananan UPS.

Duba bayan fawa-fak ɗin kuma. In an rubuta 100 zuwa 240V, zai ci gaba da aiki ko da wuta ta yi rauni. In kuwa ka ga ɗan jan makunni mai 115 da 230, tsohon ƙira ne, kuma kayan gwanjo da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115. Ka jona shi haka, take zai fashe. Fawa-fak ɗin da ake cirowa daga kwamfutocin ofis na Dell da HP ma ba su dace ba: ƙarfinsu kaɗan ne, kuma da yawansu bakin wayarsu ba irin na madabod ɗin kasuwa ba ne.

Wayoyi su ma suna cikin lissafi. Ramin da ake soka kati a madabod yana ba da wat 75, waya mai fil 6 a bakinta tana ba da 75, mai fil 8 tana ba da 150. Katin da ke neman baki mai fil 8 guda biyu, ja masa waya biyu dabam-dabam daga fawa-fak, kada ka yi amfani da waya ɗaya mai reshe. Guji adaftar da ke mayar da wayar SATA, wato wadda ke ba hadi-dis wuta, ta zama ta katin hoto, ba a yi ta don wannan nauyin ba, narkewa take yi. Sabon bakin nan mai fil 16 na manyan katuna kuwa, a danna shi har sai ya shige gaba ɗaya ya yi ƙas, kuma kada a lanƙwasa wayar daf da bakin. In fawa-fak ɗinka irin wanda ake cire wa wayoyi ne, wayoyin da suka zo a kwalinsa kaɗai za ka sa masa. Na wani kamfani suna iya shiga ramin daidai, amma jerin fil ɗin ya bambanta, sai 12V ta bi ta inda ya kamata 5V ta bi, hadi-dis da SSD su ƙone a kunnawar farko.