Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Aikin Ƙofa da Tayil

A makon jiya na tsaya ne a inda aka ba mu aikin ƙawata wani wurin shaƙatawa na yara a bayan gari. Mai wurin so yake duk wanda ya shigo ya ji kamar tsohon birni ya shiga: ga zanko a sama, ga dagi a goshin ƙofa.

Mutum-mutumin zaki da raƙumi wani abokin aikinmu ne ya yi su. Rodi ya lanƙwasa, ya naɗe da raga, ya bi da siminti. Ni bango ne rabona. Tun ina yaro a Zariya Baffa ke kai ni Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ce in ɗaga kai in dubi bakan gizon da ke riƙe da rufin. Daga wurinsa na koyi cewa zane tun yaɓe na ɗanye ake fitar da shi, da yatsa da wuƙa. Ƙasa tana jiran magini, siminti kuwa ba ya jiran kowa, shi ya sa muke kwaɓa kaɗan-kaɗan.

Tayil ne ya fi cin lokaci, kuma shi na fi so. Fasassu muke saye da araha, mu ware su launi-launi, mu sassaƙe kowane da guduma mai kaifi. Sai a jera su a kife a kan zanen da aka shata a ƙasa, a zuba siminti ta baya. Ba ka ganin fuskar aikinka sai ranar da ya bushe aka ɗaga. Haka masu sana'ar birnin Fas na Maroko suke yi. Ko a Epcot, wurin shaƙatawar Disney da ke Amurka, ɓangaren Maroko da aka buɗe a 1984 Sarki Hassan na Biyu ne ya tura gwanayen ƙasarsa suka ƙawata shi da hannu.

Da muka ɗaga dagin farko, shuɗi da fari, mai wurin ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce, "Malam, saura nawa?"

Na ce, "Alhaji, gefen hagu da bakin tafkin ruwa. Amma kada a sa mu sauri."

Yadda damina ta riske mu a bakin tafkin nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.