Laraba: na ɗauki siririyar

Yau dai na raba gardama. Sati uku ke nan maganar sauya kwamfuta tana cin raina, tun ranar da tsohuwar ta ɗauke ɗif ina tsaka da watsa walimar saukar Alƙur'ani kai tsaye a Facebook. Da hantsi na hau adaidaita sahu zuwa Beirut Road, layin masu sayar da kwamfuta da waya a Kano, filas ɗin hotunana a aljihu.

Mai shagon ya jera min guda biyu a kan kanta, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko irin ta masu buga gem ce: katin girafik Nvidia RTX 3050, RAM (ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) gigabayit 8, sikirin mai 144Hz. Ta biyu siririya ce, mai furosesa Core i7, ba ta da katin girafik na daban sai Iris Xe na Intel, amma RAM ɗinta 16 ne.

"Malam, ɗauki ta farkon nan, ga ƙarfi," in ji shi. "RAM kuwa ko gobe ka zo a ƙara maka."

Kuma gaskiyarsa ce. A OBS, manhajar da ake watsa shiri kai tsaye da ita, katin Nvidia yana ɗauke wa furosesa nauyin sarrafa bidiyo ta hanyar NVENC, wani sashe nasa da aka keɓe don wannan aiki, sai shiri ya tafi sumul. Har zuciyata ta karkata.

Sai na ce, "Alhaji, ba ni minti biyar." Na sa filas, na buɗe hoto ɗaya a kan kowacce: amarya ce ranar kamu, sanye da jan leshi, hannunta ya sha lalle. A kan siririyar, jan ya fito ja zur kamar yadda na gan shi da idona ranar. A kan ta gem ɗin kuwa ya koɗe, kamar atamfar da ta sha wanki, lallen ma ya koma wani ruwan ƙasa-ƙasa. Na duba bayanan sikirin ɗin: 45% NTSC, wato kusan kashi biyu cikin uku na launukan sRGB, ma'aunin launin da aka saba amfani da shi a hotuna, kawai yake iya nunawa. Ɗayar kuwa 100% sRGB. Nan na tuna bara, da wata uwar amarya ta dawo min da albam ta ce fuskar 'yarta ta yi ja kamar an shafa mata manja. Laifina ne, na yi ta ƙara launi saboda sikirin ɗina ba ya nuna min gaskiya. Har yau abin yana min ciwo.

Batun watsawa kuma, da na yi lissafi, intanet ɗin da nake samu a wajen biki da ƙyar yake ɗaukar 720p, kuma Quick Sync, sashen sarrafa bidiyo na Intel da ke cikin siririyar, ya ishe shi. Ga cajar ta gem ɗin kamar bulo, batirinta ba ya jure rashin wuta.

Abin da na rasa na san shi. RAM ɗin siririyar a manne yake, a 16 zan tsaya. Goge dusar hoto da Denoise na Lightroom, manhajar gyaran hoto, kuma zai riƙa jan lokaci tun da ba katin kirki, sai dai in riƙa barinsa ya kwana yana aiki.

Na biya, ya ƙara min jaka. Yanzu haka bayan isha'i ina kwashe hotunan bikin Asabar, guda 640, na yi wa ango alkawarin jibi.