Aikin Sauti a Daren Haɗuwar Tsoffin Masoya Kiɗan Trance

Kamfanina ƙarami ne, kuma abin da muke sayarwa shi ne sauti. Muna da lasifikoki da amfilifaya da fitilu da garmaho irin na masu haɗa kiɗa, muna ba da hayarsu tare da ma'aikatan da za su kafa su, a garuruwan arewacin Ingila, tsakanin Manchester da Liverpool da Sheffield da Leeds. Yawancin cinikinmu na bukukuwan aure ne da tarukan ƙungiyoyi, har da na 'yan'uwa Hausawa mazauna nan, amma aikin da ya fi cin lokacinmu, kuma ya fi gwada ƙwarewarmu, shi ne daren haɗuwar tsoffin masoya kiɗan da ake kira progressive house da trance, wato mutanen da suka yi tashen ƙuruciyarsu a gidajen rawa tsakanin 1992 da farkon shekarun 2000, waɗanda yanzu furfura ta fara kama su.

Wanda bai san tarihin ba zai yi mamakin abin da ke sa magidanci mai shekara hamsin ya sayi tikiti wata uku kafin ranar. A 1992 aka fara daren Renaissance a garin Mansfield, inda masu haɗa kiɗa (DJ) Sasha da John Digweed suka yi suna, kuma a cikin shekarar ce aka fara daren Cream a gidan rawa na Nation da ke Liverpool, inda daga baya Paul Oakenfold ya zama DJ na dindindin. A Sheffield akwai Gatecrasher, a Birmingham akwai Godskitchen, kuma matasa kan cika motocin safa daga garuruwa masu nisa kowane ƙarshen mako don halartarsu. Shi kiɗan trance tushensa Jamus ne, musamman birnin Frankfurt, amma a waɗannan gidaje na Ingila ya samu kasuwa mai faɗi. Yau kusan duk wuraren nan babu su. An rufe gidan rawa na Haçienda da ke Manchester a 1997, aka rushe shi aka gina gidajen kwana a filin. Gobara ta cinye gidan Gatecrasher na Sheffield a 2007. An rushe Nation a 2016. Saboda haka wanda ya zo daren haɗuwa ba shi da ginin da zai koma ya gani. Abin da ya rage masa shi ne yadda sautin ya ratsa shi a wancan lokaci, kuma wannan ne ake biyan mu mu dawo masa da shi.

Wahalar farko ita ce faifai. Masu shirya irin wannan dare sukan yi alkawari a tallarsu cewa da faifan garmaho za a yi kiɗan, kamar yadda ake yi a da, kuma da zarar an rubuta haka nauyin ya dawo kanmu. Garmahon da kowane DJ na wancan zamani ya saba da shi shi ne Technics SL-1200 da ɗan'uwansa baƙi SL-1210. An daina ƙera su a 2010, aka dawo da sabon samfuri a 2016, amma yawancin waɗanda ke yawo a kasuwar haya tsofaffi ne da suka sha hannu. Kafin kowane aiki sai mun zauna da kowane ɗaya mun duba maɓallin da ke ƙara gudun faifai ko ya rage shi da kashi takwas cikin ɗari, domin idan ya lalace, DJ zai daidaita faifai biyu a kunnensa, su tafi tare na ɗan lokaci, sannan ɗaya ya fara tsere wa ɗaya a gaban jama'a, kuma shi za a zarga alhali laifin na'ura ne. Muna duba wayar ƙasa da ke hana gurnani, muna sa sababbin allurai, muna auna nauyin da hannun garmaho ke ɗora wa faifai.

Bayan haka sai babbar matsala, wadda 'yan zamanin kwamfuta ba su san ta ba. Allurar garmaho ba ta bambance rawar da ke cikin layin faifai da rawar da ke zuwa daga tebur. Idan manyan lasifikokin ƙasa suka buga amo mai kauri, daɓen ɗaki yana girgiza, girgizar ta hau ƙafar tebur ta shiga allura, allura ta mayar da ita cikin amfilifaya, lasifika ta sake fitar da ita da ƙarfi fiye da na farko, kafin ka ankara ɗakin ya cika da wani ruri mai toshe kunne. Maganin da muke amfani da shi tsohon magani ne: mu ɗora kowane garmaho a kan falalen kankare mai nauyi, mu sa roba mai laushi a ƙarƙashin kankaren, mu raba teburin DJ da dandamalin da mutane ke takawa, sannan mu nisanta lasifikokin ƙasa gwargwadon yadda ɗakin ya ba da hali. A ɗakin da daɓensa na katako ne wannan aiki kaɗai yana iya cinye mana rabin yini, kuma ba a tabbatar da ya yi sai an ƙure sauti an sa ma'aikata sun yi tsalle a gaban tebur.

Akwai kuma abin da ya shafi kiɗan kansa, wanda a ganina nan ne ake gane kamfanin da ya san aikinsa. Progressive house yana tafiya da bugu wajen 125 zuwa 130 a minti ɗaya, trance kuwa yakan kai 135 zuwa 140. Faifai ɗaya yakan ɗauki minti takwas ko goma, kuma gwanin DJ yakan bar faifai biyu suna tafiya tare na minti ɗaya ko biyu, ta yadda mai rawa ba zai san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. A tsakiyar faifan trance akwai wurin da ganguna ke ɗaukewa gaba ɗaya, a bar zaƙin sauti kaɗai yana hawa a hankali, jama'a su ɗaga hannuwa suna jira, sannan bugun ya dawo. Wannan gaɓa ita ce abin da mutane suka biya kuɗi su ji. Kayan sautin da aka saita don kiɗan yau, wanda ƙarfinsa duk yana cikin amo mai kauri na ƙasa, sukan bar wannan wuri fayau babu jiki, har ka riƙa jin ƙarar firjin mashaya da hirar mutanen baya. Don haka mukan ba tsakiyar sauti kulawa fiye da ƙasansa, kuma mukan bar sarari a amfilifaya, kada a ƙure ta tun da wuri, domin idan ganguna suka dawo a ji bambanci a ƙirji. Tsoffin fayafayai kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba, wani a hankali aka buga shi, wani ya sha allura har ya dushe, shi ya sa dole injiniyanmu ya tsaya a kan na'urarsa daga farkon dare zuwa ƙarshe, yana bin kowane faifai da kunne.

Ina yawan samun saɓani da masu shirya taro a kan jadawali, kuma ra'ayina a nan bai taɓa sauyawa ba. Da yawansu suna son su jera sunaye takwas ko goma a takardar talla, kowane DJ a ba shi awa ɗaya, saboda sun yi imani yawan suna ne ke sayar da tikiti. Abin da ke faruwa shi ne kowa ya zo da fitattun fayafayai goma da duniya ta sani, ya juye su a jere, na bayansa ya zo ya maimaita rabinsu, kafin ƙarfe goma sha ɗaya an gama kashe duk abin da ya kamata a ɓoye sai ƙarshe. Ba haka aka gina wannan kiɗa ba. Sunan su Sasha da Digweed ya kafu ne a kan dogon zama na awoyi da yawa, inda ake farawa a hankali, a riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Shawarar da nake bayarwa kullum ita ce mutum uku sun isa: mai buɗe fage wanda ya yarda ya yi kiɗa mai sanyi ga ɗakin da bai cika ba, babban baƙo a ba shi awa uku ko fiye, sai mai rufewa. Mai buɗe fagen nan shi ne wanda aka fi raina wa kuɗi, alhali idan ya yi gaggawa ya ɓata daren duka. Wasu masu shiryawa suna karɓar shawarar, wasu ba sa karɓa, mu dai mukan kafa kaya mu yi aikinmu ko ta wace hanya aka bi, amma dararen da mutane ke ta tambayar yaushe za a sake su, a iya abin da na gani, su ne na dogon zama.

Jama'ar ma ba irin ta da ba ce, kuma wannan ya sauya tsarin aiki. Mutanen da a 1998 suke fita daga gidan rawa da ƙarfe shida na safe, yanzu suna da 'ya'ya da aikin ofis da ciwon gwiwa. Shi ya sa yawancin tarukan da muke yi wa aiki suke farawa da rana ko da yamma, su tashi kafin jirgin ƙasa na ƙarshe. DJ Annie Mac ta fara shirya irin wannan dare mai ƙarewa da ƙarfe goma sha biyu a 2022, abin ya karɓu, amma masu haɗuwar tsofaffi sun fi kowa cin moriyar tsarin. Muna tanadar wurin zama nesa da lasifika inda za a iya gaisawa, domin rabin dalilin zuwan shi ne ganin abokan da aka rabu da su shekara ashirin. Muna ajiye abin toshe kunne a ƙofa kyauta, kuma ana ɗauka sosai, saboda da yawa daga cikin mahalarta suna fama da ƙarar kunne da suka samo tun wancan zamani. Dokar kare ma'aikata daga ƙara ta 2005, wadda ta fara aiki a kan wuraren kiɗa a 2008, ta wajabta ɗaukar mataki idan ƙarar da ma'aikaci ke sha a yini ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma filin rawa yana wuce haka nesa, don haka babu ma'aikacina da ke tsayawa ba tare da kariya ba.

Sauran dokokin ba su da wuyar fahimta, kiyaye su ne ke son natsuwa. Idan ɗakin yana da lasisinsa a ƙarƙashin dokar lasisin wuraren shaƙatawa ta 2003, sharuɗɗansa muke bi. Idan kuwa wani tsohon sito ne ko zauren da ba a saba kiɗa a ciki ba, mai shiryawa yakan miƙa wa hukumar gari sanarwar taro na wucin gadi, wadda kuɗinta fam 21 ne, ana miƙa ta aƙalla kwanakin aiki goma kafin ranar, kuma ba ta yarda mutane su kai 500 ba, har da ma'aikata. Masu gadin ƙofa dole su riƙe lasisin SIA, hukumar da ke kula da masu gadi masu zaman kansu, kuma duk inda ake sayar da giya dole a ba da ruwan sha kyauta ga wanda ya nema. Abin da ya fi ba mu ciwon kai shi ne na'urar da wasu hukumomi ke sa a maƙala a ɗaki saboda koken maƙwabta, wadda ke yanke wuta idan sauti ya haura iyaka. Duk ɗakin da ke da ita sai na je da kaina na gwada tun kafin mu sa hannu a yarjejeniya, kuma akwai ɗakunan da na ce wa mai shiryawa ya nemi wani wuri, domin gara a rasa cinikin da a yanke wuta a daidai lokacin da ganguna za su dawo.

'Yan'uwa sukan tambaye ni game da giya da ƙwayoyi, kuma tambaya ce da ta dace. Mashaya ta mai ɗaki ce, ribarta tasa ce, kamfanina ba ya saye ba ya sayarwa, kuma ma'aikatana ba sa sha a bakin aiki. Ƙwaya kuwa ta yi ɓarna a wancan zamani, ta kashe matasa, kuma jikin ɗan shekara hamsin ba ya ɗaukar abin da na ɗan ashirin ya ɗauka, shi ya sa ba na karɓar aikin da ba a tanadi masu ba da agajin gaggawa a wurin ba.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar ba ta da kitse. Mai shiryawa yana biyan hayar ɗaki, da kuɗin babban DJ da masaukinsa, da masu gadi, da inshora, da talla, sannan mu, kuma sau da yawa tikitin da aka sayar a makon ƙarshe ne ke raba riba da faɗuwa. Saboda haka muna karɓar kafin alƙalami tun ranar da aka tsayar da magana, sauran kuma kafin mu sauke kaya daga mota, domin na ga yadda taro kan watse a bar masu kaya suna bin bashi. Lokacin annobar korona an rufe gidajen rawa na Ingila daga Maris na 2020 har zuwa 19 ga Yuli 2021, kayanmu suka zauna a sito muna biyan haya, kuma wasu ɗakunan da muka saba aiki a cikinsu ba su sake buɗewa ba. Manyan sunaye sun samo wata hanya, wato buga tsoffin kiɗan da ƙungiyar makaɗan gargajiyar Turai a manyan zaure, kamar yadda DJ Pete Tong ya yi a zauren Royal Albert Hall na London a 2015, Cream kuma ta yi a babban cocin Liverpool a 2016. Wannan kasuwa ce ta manyan kamfanoni. Tamu ita ce ɗaki mai ɗaukar mutum ɗari uku zuwa ɗari biyar, mai ƙaramin rufi, kuma irin waɗannan ɗakuna ne ake ta mayarwa gidajen kwana a tsakiyar birane.

Abin da na fi zuba jari a kansa yanzu shi ne kayan gyara da horar da yara. Kamfanin Shure ya daina yin alluran garmaho a 2018, saboda haka duk inda na samu nagari ina saye in ajiye, haka ma tsoffin Technics da suka mutu, don a ciri kayan cikinsu. Matasan da ke zuwa neman aiki a wurina sun iya kwamfuta da filash fiye da ni, amma yawancinsu ba su taɓa daidaita hannun garmaho ba, don haka kowane sabon ma'aikaci yakan fara da zama a sito yana kwance garmaho yana mayarwa, yana koyon gane rurin allura tun yana ƙarami, kafin in yarda ya tsaya shi kaɗai a bayan DJ a daren da aka sayar da tikiti.