Lissafin Dare: Wasiƙa Daga Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kusan duk wanda ya kira ni, ƙarshen maganarsa ɗaya ce: "Ai ka gode wa Allah, kana ƙasar da ake jinya kyauta." Na gode wa Allah kam. Ganin likita kyauta ne, kwanciya a asibiti ma haka. Amma wanda zai tashi ƙarfe uku na dare ya juya ni daga kwiɓin dama zuwa na hagu, wannan lissafinsa daban ne.

Ciwon da nake fama da shi ana kiransa MND, a Amurka kuma ALS. Yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsokar jiki, sannu a hankali, ba komawa baya. Shi ne ya kama masanin kimiyyar nan Stephen Hawking a 1963, ya rayu har 2018, sai dai irinsa ba su da yawa. Maganin da ake ba mu, riluzole, 'yan watanni yake ƙarawa. Abin da mutane ba su sani ba, jiki bai daina ji ba. Ƙaiƙayi, zafin ƙugu, bargon da ya naɗe a ƙafa, duk ina ji. Hannun da zan kai ne babu.

Da na'urar taimaka wa numfashi nake kwana. Wani dare abin rufe hancinta ya goce, iska na hura mini ido ɗaya, hawaye na gangarawa cikin kunne. Maman yara na kwance kusa da ni, barci ya ɗauke ta bayan ta tashi sau huɗu, ga aiki na jiran ta da safe. Na fi awa ɗaya ina kallon agogon bango ban tashe ta ba. Da ta farka ta gani, faɗa ta yi mini, har da kuka. Washegari muka fara neman mai jinyar dare.

Kamfanonin jinya suna da tsari biyu. Akwai mai kwana a gidanka, ka tashe ta sau ɗaya ko biyu. Akwai mai zama ido biyu har asuba, ana biyanta awa-awa. Na farkon ya fi sauƙi, amma da tashin ya yawaita sai a mayar da kai na biyun. Awa 9 sau dare 7, awa 63 ke nan a mako, ya zarce aikin mutum ɗaya. Albashin wa zai ɗauki wannan?

A Ingila, in ajiyarka ta haura fam 23,250, ƙaramar hukuma ba ta biyan kuɗin kula da kai, daga aljihunka ne. Wato mai tattali shi ke fara shan wuya. Akwai wata ƙofa ta hukumar lafiyar ƙasar, NHS Continuing Healthcare, wadda ba ruwanta da dukiyarka, kuma in ka cancanta ita ke ɗaukar nauyin duka. Sai dai sunan ciwo kaɗai ba ya buɗe ta. Fannoni 12 ake aunawa, irin su numfashi, cin abinci, motsi da lafiyar fata, kuma da rana masu aunawar ke zuwa, lokacin da na sha wanka ina zaune fes a kujera ina murmushi.

Shi ya sa wata ma'aikaciyar jinya ta ce mu ajiye littafi a gefen gado. Kowane tashi a rubuta: 1:10 juyi, 2:40 zuƙe majina, 3:15 na'ura ta yi ƙara. Mu da aka saba mana da cewa "da sauƙi" ko ana mutuwa, rubuta wannan ya fi komai yi mini nauyi. Littafin yana cikin takardun da muka miƙa.

Kafin amsa ta fito, dare uku muke saye a mako daga ajiyarmu: Litinin, Laraba da Juma'a. Sauran huɗun na maman yara ne. Don Allah in za ku kira ta ranar Lahadi, ku bari sai bayan azahar, lokacin ne take rama barci.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Ingila