Laftof Mai Tsada: Abin da Kuɗin Ke Saya da Abin da Ba Ya Saya

Ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina da 'yan kasuwarmu na Jidda tambayarsu ɗaya idan sun shiga shagunan sayar da kwamfuta irin Jarir ko Extra: in ƙara kuɗi in ɗauki babba, ko in yi maneji da ta roba? Abin da aikin gyara ya koya mana shi ne tsada iri biyu ce. Akwai wadda ake biya don ƙarfin jiki da sauƙin gyara, akwai ta siranta da kyan gani.

Ta farkon ita ce ta kwamfutocin ofis irin ThinkPad jerin T, Dell Latitude da HP EliteBook. Duba hinji, inda murfi ke haɗe da gindi. A mai araha, sukurorin hinjin suna riƙe ne cikin roba. Kullum buɗe-rufe, hinji ya yi tauri, robar ta tsage, gefen sikirin ya ɗago, wani lokacin har wayar sikirin ta tsinke. A ta ofis yawanci ƙarfe ne ke riƙe da su. Kuma kamfanonin nan suna wallafa littafin gyaransu a intanet, batir da fanka da kibod duk ana samunsu. Wannan ne ke amfanar wanda zai koma Kano ko Maraɗi da kwamfutarsa, don ba kowane garanti ne ke bin mutum ya tsallaka ƙasa ba. A tambaya tun kafin a biya.

MacBook kuwa jikinta da batirinta ba a magana. Amma tun kafin fitowar firosesar Apple ta M1 a 2020, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) da ma'ajiyarta a manne suke, ba a ƙarawa. Wanda ya ɗauki mai 8GB, da ita zai zauna har ta mutu. Idan bod, wato babban allon da kayan cikinta ke manne a kai, ya ƙone, bayanan ciki na iya tafiya tare da shi. Tsada ma ba ta hana kuskure: kibod ɗin MacBook na 2015 zuwa 2019 ƙura kaɗan ke maƙale shi, sai da Apple ya buɗe shirin gyara kyauta.

Zafi kuma bai san farashi ba. Apple da kansa ya ce a yi amfani da MacBook tsakanin digiri 10 da 35, alhali Makka na wuce 45 a lokacin zafi. Barin kwamfuta cikin mota a rana, ko aiki da ita kan katifa ramukan iska a toshe, shi ke kumbura batir, har ka ga wurin linzami ya turo sama. Idan ya kumbura a daina caji, a cire shi, kada a matsa. Mai barin ta a caja kullum ya tsayar da caji a kashi 80, manhajar Lenovo Vantage na da wurin saita hakan. Duk shekara a buɗe a hure ƙurar fanka, a riƙe fankar da yatsa kada ta juya. Bayan shekara biyu ko uku a sauya man rage zafi da ke kan firosesa.

Wanda aikinsa manhajar littattafai ta Shamila ne da Word da kallon darasi, ta ofis ta hannu daga Haraj, kasuwar kayan hannu, mai RAM 16GB da ma'ajiya mai sauri ta SSD ta ishe shi. Sai dai ya tabbata firosesarta Intel ƙarni na 8 ne zuwa sama, don Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, na ƙasa da haka kuma yawancinsu Windows 11 ba ta karɓarsu a hukumance.